Thomas Jackson: Baturen da ya gina bankin HSBC a kan bashin Chaina

A watan Oktoban 2025 bankin HSBC ya sanar da cewa a shirye yake ya kashe dalar Hong Kong biliyan 106, kimanin dalar Amurka biliyan 13.6, domin sayen ragowar hannun jarin bankin Hang Seng da ba ya hannunsa. Sanarwar ta zo ne bayan ya sayar da harkokinsa a Kanada da Ajantina, ya kuma rabu da rassansa na ƙananan masu ajiya a Faransa da mafi yawan na Amurka.

Hedikwatar HSBC tana Landan, kuma hukumomin Birtaniya ne ke sa masa ido. Amma mafi yawan ribarsa daga Asiya take fitowa, musamman Hong Kong, birnin da ya koma hannun Chaina tun 1997. Shi ya sa duk lokacin da Beijing ta samu saɓani da Landan ko Washington, bankin kan tsinci kansa a tsakiya.

Wannan matsayi na tsakiya tsohon abu ne. Mutumin da ya fi kowa kafa shi shi ne Sir Thomas Jackson, wanda ya shugabanci bankin har sau uku tsakanin 1876 da 1902. A zamaninsa zama tsakanin Birtaniya da Chaina hanyar arziki ce, domin ƙarfi yana ɓangare guda. Tarihinsa na nuna yadda aka yi wannan arziki, da kuma abin da ke faruwa ga ƙasar da ta jinginar da hanyar kuɗin shigarta.

Daga ƙauyen Ireland zuwa Hong Kong

An haifi Jackson a ranar 4 ga Yunin 1841 a Carrigallen da ke Ireland, lokacin tsibirin baki ɗaya yana ƙarƙashin Birtaniya. Ya taso a gidan manoma kusa da Crossmaglen a yankin Armagh. A 1860, yana ɗan shekara 19, ya samu aikin akawu a reshen Bank of Ireland da ke Belfast.

Bayan shekara huɗu ya karɓi aiki a bankin Agra and Masterman's, ɗaya daga cikin bankunan Turawa da ke hada-hada tsakanin Indiya da Chaina, aka tura shi Hong Kong.

Hong Kong ɗin da ya tarar sabon gari ne. Birtaniya ta ƙwace tsibirin ne bayan yaƙin 1839 zuwa 1842, wanda ya ɓarke saboda gwamnatin Chaina ta yi yunƙurin hana 'yan kasuwar Birtaniya shigo da ofiyom, wani abin maye da ake nomawa a Indiya, wanda daga gare shi ake haɗa hodar heroin. Yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta miƙa wa Birtaniya tsibirin, ta kuma buɗe tashoshin ruwa biyar ga Turawa, ciki har da Shanghai. Yaƙi na biyu da ya ƙare a 1860 ya ƙara mata yankin Kowloon.

Ba a daɗe ba bankin da ya kawo shi ya shiga uku. A watan Mayun 1866 wani babban kamfanin hada-hadar kuɗi na Landan mai suna Overend Gurney ya durƙushe, ya ja bankuna da dama ƙasa, ciki har da Agra and Masterman's. A shekarar ce Jackson ya koma wani sabon banki da bai kai shekara biyu da buɗewa ba.

Bankin 'yan kasuwar bakin teku

An buɗe Hongkong and Shanghai Banking Corporation a Hong Kong a watan Maris na 1865, da jarin dalar Hong Kong miliyan 5. Wanda ya kawo shawarar kafa shi shi ne Thomas Sutherland, ɗan Scotland kuma jami'in kamfanin jiragen ruwa na P&O.

Abin da ya bambanta shi da sauran bankunan Turawa shi ne mazauninsa. Sauran suna karɓar umarni daga Landan ko Indiya, shi kuwa shugabanninsa suna zaune a Hong Kong, suna yanke hukunci nan take. Waɗanda suka kafa shi sun haɗa da 'yan kasuwar Birtaniya, da Jamusawa, da Amurkawa, da attajiran Bombay. Wasu daga cikinsu, irin su kamfanin Dent da gidan Sassoon, manyan dillalan ofiyom ne, kuma cinikin ofiyom na cikin abin da bankunan bakin tekun Chaina ke ɗaukar nauyi tare da shayi da siliki.

Jackson ya yi aiki a Shanghai, sannan aka ba shi reshen Yokohama a Japan, inda ya auri Amelia Dare a 1871. A tsakiyar shekarun 1870 bankin ya tafka asara har ya kasa raba riba ga masu hannun jari. A 1876 aka ɗora shi a kan kujerar babban manaja yana da kimanin shekara 35.

Matsalar azurfa

Babbar barazanar da ya tarar ita ce faɗuwar darajar azurfa. Chaina da Hong Kong da Indiya da azurfa suke ciniki, Birtaniya kuwa kuɗinta a kan zinare yake tsaye. Daga 1873, bayan Jamus ta koma zinare kuma an samu sabbin ma'adinan azurfa a Amurka, farashin azurfa ya kama gangara. Oza guda da ake sayarwa kusan kwabo 60 na Ingila a farkon shekarun 1870 ta koma ƙasa da kwabo 30 a tsakiyar shekarun 1890.

Duk wanda ya ga yadda faɗuwar darajar kuɗi ke cinye ɗan kasuwar da ya ci bashin dala ya sayar da kaya da kuɗin gida zai gane hatsarin. Bankin da ya karɓi ajiya da fam a Landan, ya canza ta zuwa azurfa ya bayar da rance a Asiya, ranar da masu ajiya suka zo karɓar fam ɗinsu sai ya tarar azurfar da aka dawo masa da ita ba ta kai ba.

Wannan na cikin abin da ya kashe Oriental Bank Corporation, wanda a da shi ne bankin Birtaniya mafi girma a Gabas. Ya rufe ƙofa a 1884, bayan faɗuwar azurfa ta haɗu da asarar da ya yi a gonakin kofi na Ceylon, wato Sri Lanka ta yau, da na rake a Mauritius.

Dabarar Jackson mai sauƙin faɗa ce. Kuɗin da aka karɓa da azurfa a juya shi da azurfa, wanda aka karɓa da zinare a bar shi a harkar zinare, kada ɗayan ya rinjayi ɗayan. HSBC yana da damar yin haka fiye da takwarorinsa, domin jarinsa na asali da dalar azurfa yake, kuma yana tara ajiya daga mutanen yankin. Masanin tarihin nan Frank King, wanda ya rubuta tarihin bankin cikin juzu'i huɗu, ya ɗauki wannan daidaito a matsayin ginshiƙin zamanin Jackson.

Turawan Hong Kong sun yi masa laƙabi da mai sa'a. Sai dai sau biyu yana barin kujerar ya koma Landan, sau biyu kuma ana sake kiransa a farkon shekarun 1890, lokacin da wata guguwar ta sake taɓa bankunan Gabas. Kafin ya yi ritaya bankin ya kafu a Singapore, da New York, da Hamburg, da Bangkok, inda reshen da ya buɗe a 1888 ya zama banki na farko a Thailand. Shi ne kuma ma'ajin gwamnatin mulkin mallaka ta Hong Kong, yana buga takardun kuɗin da ake kashewa a birnin.

Bashi da jinginar kwastam

Abin da ya ɗaga HSBC sama da sauran shi ne bai wa gwamnatin Chaina rance. A 1874, shekara biyu kafin Jackson ya hau, bankin ya shirya wa daular Qing rancenta na farko da aka sayar wa jama'a a kasuwa. A zamaninsa wannan harka ta zama babbar sana'a.

A 1877 bankin ya samar da tael miliyan 5 ga Janar Zuo Zongtang. Tael ma'aunin azurfa ne mai nauyin kusan giram 37. Da irin wannan kuɗi Zuo ya ciyar da rundunar da ta murƙushe daular da Yakub Beg, wani shugaba Musulmi, ya kafa a Kashgar. A 1884 aka mayar da yankin lardin Xinjiang, wanda har gobe ake ce-ce-ku-ce a kan halin da Musulmin Uyghur ke ciki a can.

Me ya sa mai kuɗi a Landan zai yarda ya ranta wa gwamnatin da ke fama da tawaye da yaƙe-yaƙe? Amsar tana wurin kwastam.

Hukumar kwastam ta tashoshin ruwan Chaina mallakar gwamnatin Qing ce, amma Turawa ne ke gudanar da ita. Daga 1863 shugabanta shi ne Sir Robert Hart, wanda shi ma ɗan yankin Armagh ne kamar Jackson, kuma ya riƙe muƙamin har rasuwarsa a 1911. Hukumar ta yi suna wajen tsare lissafi, kuɗinta na shigowa a kan kari. Idan aka rubuta cewa daga kuɗin kwastam za a biya bashi, mai bayar da rance ya san akwai Bature a bakin tulun.

Lamarin ya kai maƙura bayan Japan ta ci Chaina da yaƙi a 1895. Yarjejeniyar Shimonoseki ta ɗora wa Chaina diyyar tael miliyan 200, aka ƙara miliyan 30 domin Japan ta mayar da yankin Liaodong. Jimillar ta zarce kuɗin shigar gwamnati na shekara biyu. Babu mafita sai rance, manyan ƙasashe kuma suka shiga rige-rigen bayarwa, domin kowa ya gane cewa mai bin Beijing bashi zai samu bakin magana a fadarta.

Rasha da Faransa suka riga kowa a 1895 da rancen faran miliyan 400. HSBC ya haɗa kai da bankin Jamus na Deutsch-Asiatische, suka bayar da fam miliyan 16 a 1896, suka ƙara wani fam miliyan 16 a 1898. Wakilin bankin a Beijing, Guy Hillier, da manajansa na Landan, Ewen Cameron, su ne suka yi zirga-zirgar cinikin, Jackson yana riƙe da ragama daga Hong Kong.

Sharuɗɗan rancen 1898 sun isa a tsaya a duba. Kuɗin ruwa kashi 4.5 cikin 100 ne, wanda a ido ba shi da tsada. Amma a kowane fam 100 da aka rubuta a takarda, fam 83 kawai ya shiga hannun Chaina. Wa'adin biya shekara 45 ne, kuma ba a yarda ta biya kafin lokaci ba. Bayan kwastam, an haɗa da harajin gishiri da harajin kayan cikin gida na wasu yankuna a jinginar. An kuma rubuta cewa ba za a sauya tsarin hukumar kwastam ba muddin bashin na nan. A shekarar ce Beijing ta yi wa Landan alkawarin cewa ɗan Birtaniya ne zai ci gaba da shugabantar hukumar matuƙar cinikin Birtaniya ya fi na kowa a ƙasar.

Ma'anar wannan ita ce, bashin da aka ci domin biyan diyyar yaƙi guda ya ɗaure hannun gwamnatocin da ba a ma haifa ba, har zuwa 1943 a lissafin takarda.

Masu kare Jackson suna da hujjojinsu. Ba shi ya kai Chaina yaƙi ba, ba shi ya yanka mata diyya ba. Rancen Rasha ma ya zo da nasa ƙugiyoyin siyasa. Jinginar kwastam ta sa Chaina ta samu kuɗi a farashin da ba za ta samu ba in babu ita, kuma jami'an Qing da kansu sukan nemi HSBC saboda yana cika alkawari. Duk wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa harajin shigo da kaya an ƙayyade shi a kashi 5 cikin 100 ta yarjejeniyoyin da aka ƙulla da bakin bindiga, don haka Chaina ba ta da ikon ƙara shi domin ta sauke nauyin da wuri.

Abin da ya biyo baya ya nuna inda hanyar ta nufa. A 1901, bayan boren 'yan Boxer, aka sake ɗora mata diyyar tael miliyan 450 da za ta biya cikin shekara 39, ita ma a kan kwastam da gishiri. Da daular Qing ta faɗi a juyin juya halin 1911, sai aka fara zuba kuɗin kwastam kai-tsaye a bankunan ƙasashen waje da ke Shanghai, HSBC na cikinsu. A cire na masu bin bashi tukuna, abin da ya rage a miƙa wa gwamnati. Chaina ba ta dawo da ikon yanka harajin kwastam ɗinta ba sai wajajen 1930.

Dillalan da ba a yi wa mutum-mutumi ba

Turawan bankin ba su cika jin yaren Chaina ba, ba su kuma san wane ɗan kasuwa ne mai amana ba. Wannan aiki na wani mutum ne da ake kira kwamfurado, ɗan ƙasa mai dukiya wanda ke tsaye a matsayin dillali kuma mai lamuni. Shi ke ɗaukar ma'aikata 'yan Chaina, shi ke tantance azurfa ta gaske da ta jabu, shi ke tsaya wa duk ɗan ƙasar da aka bai wa rance. In bashi ya nutse, a wuyansa yake.

A Shanghai, Xi Zhengfu ya riƙe wannan matsayi kimanin shekara 30 daga 1874, ɗansa da jikansa suka gaje shi. Ta hannun irinsu bankin ke isa ga manyan jami'an gwamnati da ƙananan bankunan gargajiya na cikin gari. Sun yi arziki sosai, amma kujerun shugabanci na Turawa ne kaɗai. Ko sunan da 'yan Chaina suka san bankin da shi, Wayfoong ko Huifeng, yana nuni ne da yalwar kuɗin da ake aikawa.

Lambar girma da mutum-mutumi

Jackson ya zauna a majalisar dokokin Hong Kong daga 1884 a matsayin wakilin ƙungiyar 'yan kasuwa. Sarauniya Victoria ta ba shi lambar Sir a 1899, aka ƙara masa sarautar baronet mai gado a 1902, shekarar da ya yi ritaya. Ya koma Landan ya ci gaba da shugabantar kwamitin bankin na can har rasuwarsa a ranar 21 ga Disambar 1915.

Tun yana raye, a 1906, aka kafa mutum-mutuminsa na tagulla a dandalin da ke gaban hedikwatar bankin. Gwamnan da ya buɗe shi, Sir Matthew Nathan, daga Gold Coast, wato Ghana ta yau, aka kawo shi Hong Kong. Wanda ya gaje shi a 1907 kuwa shi ne Frederick Lugard, wanda rundunarsa ta ci Kano da Sakkwato a 1903, ya kuma bar Hong Kong a 1912 ya dawo ya haɗe Najeriya a 1914. Daula guda ce ke juya jami'anta daga wannan nahiya zuwa waccan.

Da Japan ta mamaye Hong Kong a 1941, ta kwashe gumakan dandalin zuwa ƙasarta domin a narka. Bayan yaƙi aka gano wasu aka dawo da su. Na Sarauniya Victoria an kai shi wani lambu daban, na Jackson ne kaɗai ya koma dandalin.

Taura biyu

Bayan 'yan kwaminis sun karɓi mulki a 1949, harkar bankin a cikin Chaina ta kusan mutuwa, har ya miƙa katafaren gininsa na Shanghai a 1955. Hong Kong ce ta riƙe shi. A 1965 ya sayi kaso mafi rinjaye na Hang Seng lokacin da masu ajiya suka yi wa wannan banki rubdugu. A 1992 ya saye Midland Bank na Ingila, ya mayar da hedikwatarsa Landan a 1993, shekara huɗu kafin a miƙa Hong Kong.

Matsalar ita ce, ƙasar da Jackson ke bai wa rance ita ce yanzu ta biyu a ƙarfin tattalin arziki a duniya, kuma ita ke mulkin birnin da bankin ya fi samun riba. A gefe guda kuma bankin ba zai iya aiki ba sai da dalar Amurka. A 2012 ya biya hukumomin Amurka tarar dala biliyan 1.9 kan sakaci wajen hana safarar kuɗin haram da keta takunkumi, ya kuma shiga ƙarƙashin sa-idonsu na tsawon shekaru.

A Disambar 2018 aka kama Meng Wanzhou, babbar jami'ar kuɗi ta kamfanin Huawei, a Kanada bisa buƙatar Amurka, wadda ta zarge ta da yaudarar HSBC kan harkokin kamfanin a Iran. Kafafen gwamnatin Chaina suka zargi bankin da haɗa baki wajen ɗana mata tarko, zargin da ya musanta. A Yunin 2020 shugabansa na Asiya, Peter Wong, ya sa hannu a takardar goyon bayan dokar tsaron ƙasa da Beijing ta ƙaƙaba wa Hong Kong, sai 'yan siyasar Birtaniya da Amurka suka yi masa caa. Da aka rufe asusun wani tsohon ɗan majalisar Hong Kong da ya tsere, Ted Hui, bisa umarnin 'yan sanda, sai da shugaban bankin na lokacin, Noel Quinn, ya bayyana gaban kwamitin majalisar Birtaniya a Janairun 2021 ya yi bayani.

A 2020 ɗin dai hukumomin Ingila suka sa bankunan ƙasar dakatar da raba riba saboda annobar korona. Dubban ƙananan masu hannun jari a Hong Kong, da yawansu tsofaffi masu dogaro da wannan kuɗi, suka fusata cewa wani ofishi a Landan ya hana su ribar da aka samo a garinsu. Kamfanin inshora na Ping An na Chaina, wanda ke cikin manyan masu hannun jari, ya nemi a ware harkokin Asiya su tsaya da ƙafarsu. Masu hannun jari sun yi watsi da buƙatar a taron Mayun 2023.

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa. Shugaban bankin na yanzu, Georges Elhedery, wanda ya hau a Satumban 2024, ya sake fasalinsa ta yadda Hong Kong da Birtaniya kowacce ta zama sashe mai zaman kansa. Bankin ya ce sauƙaƙa aiki ne, ba share fagen rabuwa ba. Tayin Hang Seng dai ya nuna ɓangaren da yake zuba kuɗinsa.

Jingina a wannan zamani

Gadon Jackson na biyu ya wuce HSBC. A makarantun Chaina ana koyar da wancan zamani a matsayin ƙarnin wulaƙanci, kuma rancen 1896 da 1898 na cikin misalan da ake bayarwa. Yau Chaina ce babbar mai bai wa ƙasashe masu tasowa rance tsakanin gwamnati da gwamnati, kuma ba ta manta da darasin jingina ba.

Wani bincike da cibiyar AidData da abokan aikinta suka fitar a 2021 ya duba yarjejeniyoyi 100 tsakanin bankunan Chaina da ƙasashe 24. Ya gano cewa kusan kashi 30 cikin 100 sun tanadi asusu na musamman da mai cin bashi zai riƙa zuba kuɗi a ciki a matsayin jingina, da yawa kuma na ɗauke da sharaɗin sirri.

Ba Chaina kaɗai ke yin haka ba. A 2014 Chadi ta karɓi sama da dala biliyan 1 ta hannun kamfanin Glencore da sharaɗin biya da ɗanyen mai, farashin mai ya faɗi, bashin ya shaƙe kasafin ƙasar har sai da aka sake tsara shi fiye da sau ɗaya. A 2023 kamfanin NNPC na Najeriya ya sanar da rancen dala biliyan 3 daga Afreximbank wanda za a biya da ɗanyen mai na gaba. A Afrilun 2024 gwamnatin sojin Nijar ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin CNPC na Chaina a kan man da za ta fitar.

Akwai bambanci mai girma tsakanin jiya da yau. Babu jirgin yaƙi a bakin tashar kowa, babu baƙon da ke shugabantar kwastam, kuma masana da dama na ganin an zuzuta batun tarkon bashin Chaina. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma rancen da ya gina layin dogo ko tashar lantarki daban yake da wanda aka ci domin biyan diyyar yaƙi.

Amma yadda abin ke aiki bai sauya ba. Idan aka ware wata hanyar kuɗin shiga aka ce mai bin bashi ne zai fara ɗiba, to albashi da asibiti da makaranta sun koma layi na biyu, kuma gwamnatin da za ta zo gobe ta tarar an riga an kashe mata kuɗi. A 2020 majalisar wakilan Najeriya ta yi ta muhawara kan wani sashe na yarjejeniyar rancen Chaina da ya shafi kariyar 'yancin ƙasa, wanda lauyoyi da dama suka ce sharaɗi ne da aka saba gani a irin waɗannan takardu. Tarihin 1898 na nuna cewa tambayoyin da suka fi muhimmanci suna wani wurin: nawa ne ya shigo hannu a zahiri, me aka jinginar, a wane banki asusun yake, shekara nawa, kuma ko an yarda a biya kafin wa'adi.

A takardar da HSBC da abokinsa na Jamus suka sa wa hannu da Beijing, amsoshin su ne fam 83 cikin 100, kwastam da gishiri, shekara 45, kuma ba a yarda ba. Daular da ta sa hannun ta faɗi bayan shekara 13, bashin kuwa ya hau kan jamhuriyar da ta gaje ta.